Dankalin Asabar

Duk da ta haura arba'in, har furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnenta, ba wanda ke kiranta da wani suna sai Auta. Mijinta ma haka ya tarar ana kiranta, ya ɗora a kai. Su biyu kacal iyayensu suka bari, ita da yayanta, kuma ratar da ke tsakaninsu mai faɗi ce. Shi ya riƙa goya ta a keke yana kai ta makaranta, shi ya koya mata ɗaure igiyar takalmi, shi kuma ya zauna a mazaunin uba lokacin aurenta.

Yaya kuku ne. Ba irin kukun da ke soya ƙwai a lungu ba, babban kuku a wani ƙaton otal, da doguwar farar hula da ma'aikata a ƙarƙashinsa, waɗanda in ya yi gyaran murya sai cokali ya suɓuce daga hannun wani. Ana nan sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ɗan kaɗan ne, sai ka zuba wa kofin shayinsa ido za ka gane. Likitoci suka ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ya ɓoye iya ɓoyewarsa, har ranar da wuƙa ta zame ta datse masa gefen babban yatsa a gaban ma'aikatansa. Otal ɗin ya sallame shi cikin mutunci, da 'yar liyafa da agogon bango. Daga nan ya fara shan giya. Ya ce shan yana tsayar masa da hannun, kuma ba ƙarya ya yi ba, yana tsayarwa na ɗan lokaci. Matarsa ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta kwashe kayanta. Gidan da suke haya ma ya bar hannunsa.

Auta ta ɗauko shi ta kawo gidanta, aka ba shi doguwar kujerar falo. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya. Mijinta mai gyaran wutar lantarki ne, unguwa ta laƙaba masa Injiniya duk da ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba, kuma shi da kansa yake yi wa Yaya aski ranar hutu. Ita kuwa sai ta yayyanka masa nama ƙanana kafin ta kawo masa abinci, ta sayo masa kofi mai murfi irin na yara don kada ya riƙa ƙona cinyarsa. Yaya ya karɓi kofin, ya jujjuya shi, ya ce ya gode. Ba a jima ba ta dawo daga shagon tabarau da take aiki, ta tarar da bargonsa a ninke a hannun kujera, silifas ɗin da Injiniya ya ara masa a jere a bakin ƙofa. Ba faɗa, ba sallama. Suka nema har ƙafa ta gaji, asibitoci, ofishin 'yan sanda, gidajen tsofaffin abokan aikinsa. Shekara ta zagayo, wata shekarar ta bi bayanta.

Wata rana da yamma Injiniya ya dawo aiki, ko takalmi bai cire ba ya ja kujerar kicin ya zauna, yana juya makullin mota a yatsa.

"Auta, zauna."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Yaya na gani."

An kira shi ne gyaran wayar lantarki a wani tsohon sito da ke bayan tashar jirgin ƙasa, wanda wata ƙungiya ta mayar wurin kwanan marasa matsuguni. Masu kwana a wurin Masauki kawai suke ce masa. Yana kan tsani ya hango Yaya a layin abinci, riƙe da faranti da hannu biyu. Suka haɗa ido. Yaya ya sunkuyar da kai, ya matsa bayan wani dogon mutum.

"Ya rame?"

"Ya rame. Amma da ƙafarsa yake tafiya."

Washegari ko shago ba ta je ba. Mai kula da Masauki wani siririn mutum ne mai idon wanda bai taɓa ƙoshi da barci ba, kowa Manaja yake ce masa. Ya saurare ta har ta gama, ya bar ta a ofishinsa da ke warin maganin goge ƙasa, ya shiga ciki. Bai daɗe ba ya dawo shi kaɗai.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce ba zai fito ba."

"Ni fa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na yarda, baiwar Allah, kamar ma ta isa shaida. Amma a nan ba ma tilasta wa kowa ganin kowa. In muka fara haka, gobe rabin gadajen nan babu kowa a kai."

Ta tsaya riƙe da jakarta, ta rasa inda za ta sa idonta. Can ta ce to ko akwai abin da za ta iya yi, ko wanki ne, ko shara. Manaja ya sosa ƙeya. Ya ce abincin yamma mutanen gari ne ke kawowa, kowa da ranarsa, amma Asabar ba su da kowa, burodi da shayi ake rabawa a kwanta.

"Sai dai a kwanukan foyil ake kawowa, irin na a-ci-a-yar. Ba mu da mai wanke-wanke, kuma ba ma mayar wa kowa kwano. Ta ƙofar baya za ki ajiye. Ɗakin cin abinci kuwa ba a shiga."

Ta ce ta ji, ta kuma ɗauki Asabar.

Ba ta tsaya tunanin abin da za ta dafa ba. Akwai wani gasasshen dankali da Yaya ya koyo a otal tun yana ƙaramin ma'aikaci, ya zo ya yi musu a gida lokacin mahaifiyarsu na da rai, tsohuwa ta ci har ta lashe cokali ta ce ashe dankali ma yana da ranarsa. Shi ya koya wa Auta, tana tsaye a kan kujera don ta kai tebur.

Tun ranar Juma'a Injiniya yake shigo da buhun dankalin turawa ya jingine shi bayan ƙofar kicin. Asabar da sassafe Auta za ta shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, ta zauna ta fara feraya. Feraya ce mai cin rai. Kafin ta kai tsakiyar buhu yatsunta sun yi yamushi, bayanta ya riƙe, ɓawo ya taru tuli a gabanta. Sannan yanka, siri-siri, yadda in ka ɗaga ɗaya za ka ga haske ta cikinsa. Ta raba tafarnuwa biyu ta goge cikin kowane kwano da ita, ta shafa bota. Ta jera dankalin hawa-hawa, kowane yana ɗan hawa kan ɗan'uwansa, albasa a tsakani, gishiri, masoro. Ta ɗumama madara da 'yar gyaɗar ƙamshi, ta kwarara ta gefe har ta kusa rufe saman, ta barbaɗe gogaggen cuku.

Kwanukan nan kuwa ba su da ƙashi. Ranar farko ta ɗaga ɗaya cike, ya lanƙwashe ta tsakiya, madara ta kwaranyo mata a ƙafa, rabin dankalin ya watse a ƙasa. Ta zauna a wurin ta yi kuka wanda ya fi ƙarfin ɓarin dankali. Injiniya ya fita ya yanko mata wani falle na katako daidai faɗin kwano, ta riƙa tura shi ƙarƙashi kafin ta ɗaga. Obin ɗinta na gashi kwano biyu yake ci a lokaci ɗaya, don haka gashi yake cinye ranar gaba ɗaya. Wuyan hannunta ya cika da tabon ƙuna, sirara, a jere. Abokan aikinta na shagon tabarau har tsokanarta suke yi wai ko damisa take kiwo.

"Ni dai a gidan nan ƙamshi ne rabona," in ji Injiniya, yana leƙen obin. "Da na san haka ne, da ni ma na je na kama gado a can."

"Rufe mini, kana fitar da zafi."

Da rana ta yi sanyi sai su rufe kwanukan da foyil, su jera su a bayan motar aikinsa tsakanin naɗin waya da akwatin kayan aiki, su tokare da tsofaffin tawul. Injiniya yana tuƙi kamar wanda ya ɗauko mai naƙuda. A ƙofar baya ta Masauki wani tsohon mazaunin wurin ne ke taya su shigarwa, mai wawulo da hular sanyi, ana ce masa Kyaftin don ya ce ya taɓa tuƙa jirgin ruwa, ko da yake duk lokacin da ya ba da labarin sai sunan tekun ya canja. Auta takan tsaya a bakin ƙofar ta kasa kunne. Tana jin ƙarar cokula da jan kujeru da tari. Cikin tarin nan take neman na Yaya, ba ta taɓa tabbatarwa ba.

Duk da haka ranta ya ɗan samu wurin zama. Ba ta ganinsa, amma ta san ko ba komai rana ɗaya a mako abin da ta taɓa da hannunta yana shiga cikinsa. Tana jera dankali tana cewa a ranta wannan gefen da ya fi soyuwa wataƙila shi zai samu, don shi mai son gefe ne. Haka aka yi ta tafiya har watanni suka shuɗe, aka shiga lokacin ruwa.

Wata Asabar Kyaftin ya karɓi kwano daga hannunta, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Uwar ɗakina, Allah ya bar mana hannun nan. Kin san ranar Asabar har dambe ake yi a layi? Wanda bai taɓa wanka ba ma sai ya yi, don kada a kore shi baya. Mutum ɗaya ne kawai Allah ya hana shi rabo."

"Wa?"

"Wani ne, Makaɗi muke ce masa, don in ya ɗora hannu a tebur sai ka rantse ganga ake bugawa. Tun ranar farko da aka buɗe kwanon nan ya shaƙi ƙamshi, ya ɗauki ledarsa ya fice. Duk Asabar haka yake yi, sai an share tebura yake dawowa ya kwanta da cikinsa wayam. Ni kuwa na ce to, Allah ya ƙara, kasonsa nawa ne."

Ya shige yana dariya. Auta ta tsaya riƙe da fallen katako, ruwan indararo yana ɗiga mata a kafaɗa ba ta matsa ba. Injiniya ne ya zo ya janye ta.

Ta tarar da Manaja a ofis. Bai yi musu ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki ki daina? Mutanen da ke ci fa? Na auna ne, baiwar Allah, na ga ɗaki cike a gefe ɗaya, mutum ɗaya a gefe ɗaya. Ina ajiye masa burodi, wani lokacin ya ci."

"Kafin in fara kawowa yana cin burodin da shayi?"

"Yana ci."

"Ashe ni na hana shi ma wannan."

Manaja ya shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Da ta yi shiru ta haƙura a nan, da wataƙila abin ya tsaya iya nan. Amma sai ta shiga dabara. Ta nemo matar da ke kawo shinkafa ranar Talata, ta roƙe ta su yi musayar rana sau ɗaya. Ta nemi izini a shago. Ta dafa dankalin ba tafarnuwa, ba gyaɗar ƙamshi, ta watsa masa tumatir da wake don ya fita daga kamanninsa, ta ba wani direban tasi ya kai, don kada ma a ga motar Injiniya. Ta wuni tana duba waya.

Sai da aka kwana biyu Manaja ya kira. Muryarsa a bushe take. Ya ce Yaya ya shiga layi kamar kowa, ya karɓa, ya zauna, ya kai cokali ɗaya baki. Ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya tura wa na kusa da shi farantin, ya ɗauki ledarsa. Tun daga ranar bai dawo ba, ko kwana.

"Kuma kin ga yadda ruwan nan yake zuba," in ji Manaja. Ya ƙara da cewa, "Da kin tambaye ni kafin ki yi."

Kyaftin ne ya gaya mata inda za ta duba, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Akwai wani gidan burodi gaba da tasha, a bayansa wani bututu yana fitar da iska mai ɗumi ta jikin bango, masu kwanan waje sukan raɓa a wurin. Ta je ita kaɗai da hantsi, ta bi wani lungu mai cike da kwandunan shara da fasassun akwatuna. Ta same shi zaune a kan kwali, ya jingina da bango, ya cusa hannayensa biyu a hammata. Gemunsa ya yi fari fat. Rigar sanyin da ke jikinsa ta wani ce, ta yi masa yawa, kuma maɓallanta a karkace suke, kowane ya shiga ramin da ba nasa ba.

"Yaya."

Ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Kin yi ƙiba."

Ta durƙusa a gabansa, ba ta damu da jiƙaƙƙiyar ƙasar ba. Duk maganganun da ta shirya a hanya suka watse. Shi ya sake magana.

"Wa ya ce ki sa wake? Kin ɓata abinci. Kuma yankan ya yi kauri a ƙasa. Tun kina yarinya kike haka, ki fara da kyau, in kin gaji ki shiga sara."

Dariya ta ƙwace mata, ta juye ta zama kuka. Ya bar ta ta yi, yana kallon bango.

"Me na yi maka, Yaya? In laifi na yi ka faɗa mini."

"Ba ki yi komai ba."

"To me ya sa ko abincina ba za ka ci ba?"

Ya zaro hannayensa ya ɗora a gwiwa. Yanzu duka biyun ne suke rawa, har gwiwar tana amsawa. Ya zuba musu ido kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Auta, a can ni ba kowa ba ne. Wani tsoho ne mai zubar da miya a riga, ba wanda ya damu, don na kusa da ni ma zubarwa yake yi. Ba wanda ya san ni da farar hula. In na farka da safe ba na tuna komai, sai dai in nemi takalmina. Na samu sauƙi a haka, ko ba ki yarda ba. Sai ga ƙamshin nan. Ina shaƙa sai in gan ni tsaye a kicin ɗin Inna, ke kina kan kujera, wuƙa a hannuna tana tafiya yadda nake so. Daga nan in buɗe ido in ga inda nake. Ba na iyawa. Yunwa ta fi mini sauƙi."

"Ka dawo gida. Yaranmu sun tafi makarantar kwana, ɗakinsu ba kowa. Ba falo ba wannan karon, ɗaki, da ƙofarka."

"Ki riƙa yanka mini nama?"

"Wallahi ba zan ƙara ba."

"Za ki ƙara. Dole ki ƙara, don yanzu ko cokali sai na yi kokawa da shi. Ki yanka mini nama, mijinki ya yi mini aski, nan gaba ku kai ni banɗaki. Ku riƙa rage murya in kun zo wucewa. Ba laifinku ba ne. Mutumin kirki ne mijinki, ki gaishe shi."

Ta miƙa hannu za ta gyara masa maɓallan rigar. Ya ja baya har ƙeyarsa ta bugi bango. Ta janye hannun, ta rasa inda za ta kai shi, ta riƙe ɗayan da shi.

"To me kake so in yi?"

"Ki bar mini wurin."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wuri ɗaya ne ya rage mini, ki bar mini shi."

Wani ma'aikacin gidan burodin ya buɗe ƙofar baya, ya watso ruwan wanke-wanke, ya dube su, ya koma. Auta ta ciro abin da ke jakarta na ci, biskit ne na kanti a ledarsa, ta ajiye a gefen kwalin. Ya dubi ledar, ya ga ba ita ta yi ba, bai ture ba. Ta miƙe. Tana ta jira ya kira ta kafin ta kai bakin lungu. Bai kira ba.

A ranar ta buga wa Manaja waya ta ce ta ajiye Asabar. Ya ce ya fahimta. Ta roƙe shi ya aika a gaya wa Yaya cewa ta daina, ba dabara, ba musayar rana. Ya ce zai aika Kyaftin.

"Su sauran fa?" ta tambaya. "Akwai wanda zai karɓa?"

"Burodi da shayi, kamar da."

Asabar ta farko ta tashi da sassafe bisa sabo, ta tsaya a tsakiyar kicin ba abin yi. Ta goge obin ɗin da ba shi da datti. Injiniya ya ce su fita su sha iska, ta ce kanta na ciwo. Ta koma ta kwanta da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, tana tunanin ɗaki cike da mutane da ta cire wa abinci daga baki saboda mutum ɗaya, kuma ba ta san ko mutum ɗayan ya koma ba.

Bai koma ba. Kyaftin ya je bayan gidan burodi ya tarar masu wurin sun sa ƙofar ƙarfe a bakin lungun, don sun gaji da masu kwana. Wani ya ce ya ga Makaɗi a ƙarƙashin gada. Wani ya ce a'a, ya gan shi yana hawa jirgin ƙasa ba tikiti. Manaja ya riƙe masa gadonsa iya yadda doka ta ba shi dama, sannan ya ba wani. Auta ta koma yawon da ta yi a baya, asibiti, 'yan sanda, tasha, sai dai wannan karon ta san ko ta gan shi ba abin da za ta iya ce masa.

Lokacin ruwa ya wuce. Wata safiya tana shago tana gwada wa wata tsohuwa tabarau, wayarta ta yi ƙara. Manaja ne. Ya ce an tsinci wani mutum a bakin layin dogo, ba takarda a jikinsa, mai farin gemu, shekarunsa za su yi daidai. Yana ɗakin ajiye gawa na asibiti. Ya ce shi bai je ba, ya ga ita ta fi cancanta.

Ta gama ɗaura wa tsohuwar tabaran, ta tambaye ta ko yana matse mata kunne, sannan ta kira Injiniya.

Ya zo ya ɗauke ta a mota zuwa asibitin. Ɗakin yana can ƙarshen asibitin, bayan wurin wanki, da sanyi mai shiga haƙori. Ma'aikacin wurin ya jawo wata doguwar durowa, ya dube ta ya ga ko ta shirya, ya yaye zanen zuwa ƙirji.

Ba shi ba ne. Wani ne dabam, mai faɗin goshi, da tsohon tabo a haɓa, bakinsa a ɗan buɗe kamar an katse shi yana tsakiyar magana. Auta ta daɗe tana kallonsa, fiye da yadda ya kamata.

"Ba shi ba ne," in ji Injiniya, don ita ta kasa faɗa.

Ma'aikacin ya mayar da zanen. "Ko kun san wanda zai san shi? Ku ne na farko da suka zo."

Suka ce ba su sani ba.

Da suka shiga mota Injiniya ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska da hannu biyu. "Mu gode wa Allah, Auta. Yana nan da rai a wani wuri."

"Mun gode masa," ta ce.

Ba ta gaya masa abin da ke ranta ba, kuma ta san ba za ta taɓa gaya wa kowa ba. Tun a hanyar zuwa ta riga ta gama shirya komai. Ta zaɓa masa wuri kusa da kabarin Inna, ta tsara wanda za ta fara kira, ta ga kanta tana zuwa ta zauna a gefensa duk lokacin da ta ga dama, ba mai ja da baya, ba mai cewa ta bar masa wurin. Da aka yaye zanen ta ga baƙuwar fuska, abin da ya fara zuwa mata ba murna ba ce. Ta juya ta kalli taga don kada mijinta ya karanta a fuskarta.

Hanyarsu ta komawa ta bi ta gefen babbar gada. A ƙarƙashinta mutane ne kwance da zaune, cikin kwalaye da barguna, wasu sun juya wa titi baya.

"Rage gudu," ta ce.

Ya rage. Motocin da ke bayansu suka shiga danna oda, wani direba ya leƙo yana zagi. Auta ta manna goshinta a gilashi tana bin su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rufe fuska tana duba hannayensu. Injiniya bai ƙara gudu ba sai da gadar ta ƙare.